Kwamfuta Mai Kwaikwayon Injin Wasa: Ina Satar Take?

Akwai wata irin manhaja da matasanmu suke sawa a kwamfuta, sai ta riƙa aiki kamar injin wasan bidiyo. PCSX2 tana kwaikwayon PlayStation 2, Dolphin kuwa GameCube da Wii. 'Yan sa kai ne suke rubuta su, su bar aikin a buɗe, kowa ya duba ya gyara, ba ko kwabo.

Waɗansu iyaye sun ce duk sata ce. Ni ban yarda ba. A shekarar 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba kamfanin Connectix gaskiya a kan Sony, cewa binciken yadda injin yake aiki domin a kwaikwaye shi bai keta doka ba. PlayStation 2 ma an daina ƙera shi tun 2013. In naka ya mutu, faifan da ka saya da guminka sai ka zubar?

Amma wasan kansa fa? A nan Dokoki Goma suka shigo. Kamfanin Nintendo ya ce an sauke sabon wasansa na Zelda fiye da sau miliyan 1 tun kafin ya shiga kasuwa a Mayun 2023. Ya kai masu manhajar Yuzu ƙara a 2024, suka amince su biya dala miliyan 2.4, suka rufe. Ma'aikata ne masu iyali suka yi shekaru suna haɗa wasan nan.

Iyaye, kada ku ƙwace kwamfutar yaro. Ku tambaye shi ko faifan wasan yana gidan, ko a kasuwa aka tura masa shi.