Kuɗin Ciyar da 'Ya'ya: Ba Kotu Ce Ta Tona Mana Asiri Ba

 Akwai maganar da ake ta yi a majalisa bayan la'asar, mu da muke jan salla muna ji muna kawar da kai. Wai matan yanzu sun lalace: daga an sake su sai su ja mutum kotu, alƙalin da bai san addininmu ba ya yanka masa kuɗin ciyar da yara. Gaskiya ɗaci gare ta, amma yau za mu faɗe ta. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hangen na wani.

Mu fara da yadda kotun ke lissafi, don da yawanmu muna zagin abin da ba mu sani ba. Jihar Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati. Abin da take da shi, dokar haƙƙin yara ce ta 2007, wadda ta biyo bayan ta tarayya ta 2003, da kotun iyali da ke sauraron irin wannan ƙara. Babu wani kaso da aka ƙayyade, a ce rabin samu ko sulusi. Alƙali yana duba abin da uba ke samu, da abin da ya mallaka, da sauran nauyin da ke kansa. Yana duba samun uwa ita ma. Sannan ya duba buƙatar yaro: ci, sutura, magani, da makarantar da yake zuwa kafin a rabu. Maslahar yaro ita ce gaba da komai.

To, Malam, ina wannan ya saɓa wa abin da muka karanta a Islamiyya? Aya ta 233 a Baƙara ta ɗora ci da tufafi a kan uba. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce kowa ya ciyar gwargwadon ƙarfinsa. Hindu matar Abu Sufyan da ta kai kukan rowar mijinta, Annabi (SAW) ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da ɗanta bisa adalci. A mazhabar Malikiyya uba na ciyar da namiji har ya balaga yana iya nema, mace kuwa har ta tare a gidan miji. Kai, ta nan ma shari'a ta fi kotu tsanani, domin kotu kan tsaya a shekara 18 ne galibi, kuma tana auna aljihun uwa. Shari'a ba ta ɗora wa uwa ko sisi ba muddin uban na da hali.

Matsalarmu a wani wuri take. Mu 'yan kasuwa ne, ba mu da takardar albashi. Sai mutum ya shiga kotu da tsohuwar riga, ya rantse kasuwa ta mutu, alhali kowa ya ga shanun da ya sauke a Oko-Oba, ya ga lefen amaryar da ya haɗa. Idan alƙali ya gane ƙarya ce ya yi nasa ƙiyasin, sai a fito ana cewa an zalunci Bahaushe. Wa ya fara zaluncin?

Mun sha zaman sulhun da uba ya ce zai riƙa ba da naira 10,000 a wata don yara uku. Ku raba da kanku: kusan naira 111 ga kowane yaro a rana. Wallahi ko koko da ƙosai ba za ta saya ba a Legas ɗin nan. Kuma daga wata na uku shiru. Yaran nan su ne muke gani suna talla a bakin titin jirgi lokacin da 'yan uwansu ke aji.

Za a ce, ai wasu matan ma suna cinye kuɗin, ko su hana uba ganin 'ya'yansa. Haka ne, akwai su, kuma ba mu goyi bayansu ba. Amma maganin wannan shi ne ka biya kuɗin makaranta kai tsaye ka riƙe rasit, ka auno hatsi ka aika. Ba a horon uwa da yunwar ɗa.

Mu limamai da dattawan fada ma da namu laifin. Muna sulhu da fatar baki, a shafa fatiha a watse, babu rubutu babu shaidu. Ga abin da muke kira a koma yi. Duk sakin da aka yi akwai yara, a zauna a rubuta yarjejeniya, shaidu biyu su sa hannu, a ajiye kwafi a masallaci. A rubuta abinci da mudu, ba da naira kaɗai ba, domin tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya ga yadda kuɗi ke narkewa. A sake duba ta duk shekara bayan ƙaramar salla. Wanda ya karye da gaske, a sassauta masa, jama'a su tallafa daga zakka. Wanda ya ƙi don taurin kai, kada wani ya hana uwar yara zuwa kotu, kada kuma a kira ta marar kunya.

Matar ka saki, ba 'ya'yan ba. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyi kafin ranar da babu lauya.