Ƙuri'a Shaida Ce



Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, tana aika sanatoci 3 da wakilai 11 zuwa Majalisar Tarayya. Galibin masu zaɓensu manoma ne da makiyaya. A majalisar nan ake zartar da kasafin kuɗin ƙasa, watau abin da zai kai ga noman rani a kwarin Haɗeja, da maganin ambaliya irin ta 2022 wadda ta cinye gonaki da gidaje.

To, mai jefa ƙuri'a shaida yake bayarwa cewa wane ya cancanci wannan amana. Idan turmin atamfa ko buhun taki ne ya sa shi dangwala yatsa, alhali ya san mutumin bai cancanta ba, ya yi shaidar zur, wadda Annabi (SAW) ya lissafa cikin manyan kaba'irai. Abu Zarri, duk da tsoron Allahnsa, da ya nemi muƙami hana shi aka yi, saboda rauninsa. Ashe yawan ibada kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da iya aiki.

Kai Alhaji da ake sayen kayan rabo a shagonka, kana sane, ka taimaka wa zunubi. Kai ma'aikaci da aka damƙa wa akwatin zaɓe, canja lamba ɗaya ha'inci ne ga dubban talakawa. Atamfa za ta koɗe kafin shekara, wakilin kuwa sai ya cika shekara 4.

Allah Ya sa mu dace, amin.