A BAR YARA SU ZANA KANTU

'Yan'uwa manoma, idan yaro ya dawo daga makaranta hannunsa duk laka, ko da zane a takarda, iyaye da yawa sukan ce, "Wannan ai wasa ne, ba karatu ba." A ganinmu wannan kuskure ne, kuma mu ne za mu yi hasararsa nan gaba.

Tun da aka soma ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, makarantu suka yawaita a karkara. Cikin darussansu akwai zane da aikin hannu da waƙa da wasan kwaikwayo. Amma a ƙauye wannan darasi shi ne yakan fara mutuwa, don an ce babu kayan aiki.

To, ga shawararmu ga makarantun Ɗanzomo da kewaye. A ƙarshen zango a shirya wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe a kan kayan zaƙi, a sa yara su ƙawata filin wasan da aikin hannunsu. Yaro ba ya gajiya da zancen alewa. Sai dai kada a tsaya ga minti da cakulan na kanti. Su zana namu na gida: kantun riɗi, alewar madara, nakiya, alkaki, mazarƙwaila da zoɓo.

Me ya sa? Ƙasar Gumel, daga Sule Tankarkar zuwa Gagarawa da Maigatari, ƙasar riɗi ce da zoɓo. Riɗin Nijeriya yana kaiwa har Japan da Turkiyya, zoɓo kuwa har Meksiko. Amma mu a buhu muke sayarwa, ribar gyarawa da ƙunshewa tana hannun wasu. Yaron da ya zauna ya siffanta kantu da laka, dole ya tambaya daga ina ya fito. Sai malam ya bi da shi tun daga shuka, zuwa yanka, da jingine dammuna su bushe, da kakkaɓewa, har zuwa suya da sukari. Ga waƙar wasan nan ta samu, baiti-baiti. Ta haka zai gane cewa gonar babansa abin alfahari ce. Gobe kuma idan ƙungiyarku ta tashi kai kantu a ƙunshe kasuwar Maigatari ranar Alhamis, wa zai zana muku tambari in ba shi ba?

Maganar kayan aiki kuwa ba ta da wuya. Muna da laka da karan dawa da kaba da ƙwarya. Gawayi zai ba da baƙi, ruwan zoɓo ja, farar ƙasa fari, gangamau rawaya. Tsofaffin buhuna sun isa labule. Ba sai an kashe ko kwabo ba.

Wani zai ce, ashe ba za mu koya wa yara kwaɗayi ba? Ai cikin wasan ma ana iya sa mai ciwon haƙori ya fito yana kuka, kowa ya yi dariya, ya kuma koyi cewa zaƙi kaɗan ake sha, a wanke baki da asuwaki.

Saboda haka a taronku na gaba ku zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su je su gana da hedimasta. Iyaye mata masu yin kantu su nuna wa yara yadda ake yi. Ranar wasa kuma kowa ya bar aikinsa ya je kallo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.