Shanun Tukunus na da rajistar asali, mu fa?



Kwanan baya mun zauna wajen wata ta'aziyya a nan cikin gari. Wata tsohuwa ce Allah ya yi wa cikawa, irin tsofaffin nan da in aka rikice a lissafin dangi sai a ce a je a tambaye ta. Ana cikin zaman sai wani dattijo ya tambayi jikokin sunan kakan mahaifinta da garin da ya fito. Aka yi tsit. Wanga ya dubi wancan, wancan ya dubi ƙasa. Daga ƙarshe wani ya ce, “Ai Inna ce kaɗai ta sani.” Ga shi kuwa Inna an kai ta makwanci da safe.

Abin da ya sa muka ɗauko alƙalami ke nan. Nan kusa da mu, a gidan kiwo na Tukunus, inda ake renon shanun Azawak tun zamanin Turawa, ana rubuta ranar haihuwar maraƙi, da uwarsa, da bijimin da ya haife shi, da yawan nonon da saniya ke bayarwa. Ba mu raina wannan aiki ba, shi ne ya sa ake zuwa daga nesa neman irin. Sai dai abin kunya ne a ce saniya na da takardar kakanni, mai saniya kuwa in ya wuce kakansa sai ya fara kame-kame.

Bari mu ɗan leƙa waje mu dawo, don akwai darasi. A Turai akwai ƙasashe biyu maƙwabta, Ailan da Sikotlan, waɗanda mutanensu suka watsu cikin duniya kamar yadda namu suka watsu Gana da Abijan da Legas. A Ailan yunwa ce ta kore su. Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta kama dankalin da talakawa ke rayuwa a kai, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka hau jirgin ruwa suka bar ƙasar. A tsaunukan Sikotlan kuma masu ƙasa ne suka tashi manoma daga gonakinsu don su zuba tumaki. Yau jikokin waɗannan mutane a Amurka da Kanada da Ostireliya suna kashe kuɗi da lokaci suna neman ƙauyen da kakansu ya baro. A watan Mayun 2011 Barack Obama, yana shugaban Amurka, ya je wani ƙaramin ƙauye na Ailan mai suna Moneygall, inda wani kakansa ta wajen uwa, ɗan wani mai ɗinkin takalma, ya tashi a 1850. Cikin tsofaffin littattafan majami'ar yankin aka gano sawun gidan. Joe Biden ma ya yi irin wannan ziyara a 2023.

Wani zai ce, to ai su suna da takarda, mu ba mu da ita. Gaskiya ne, da sauƙi gare su. A Sikotlan tun 1855 doka ta tilasta rubuta kowace haihuwa da aure da mutuwa, kuma yau mutum na iya bincika su ta intanet a ScotlandsPeople. A Ailan an soma haka ga kowa a 1864. Sunayensu ma na taimaka musu: Mac a farkon suna na nufin ɗan wane, O kuma jikan wane, kuma sunan na bin zuri'a shekaru ɗaruruwa.

Amma ku ji abin da ya same su. A ƙarshen watan Yunin 1922, a farkon yaƙin basasar Ailan, gidan ajiyar takardun gwamnati da ke Dublin ya kama da wuta. Takardun ƙarnoni suka zama toka, har da na ƙidayar jama'a ta 1821, 1831, 1841 da 1851, wato daidai sunayen mutanen da yunwa ta ci ko ta kora. Ba su naɗe hannu ba. Tsakanin 1937 da 1939 hukumarsu mai tattara al'adun gargajiya ta haɗa kai da makarantun firamare kusan 5,000. Aka ba yara fiye da 50,000 aiki guda: kowa ya je gida ya zauna gaban kakansa ko tsohon unguwa, ya rubuto abin da ya ji, labarin gari, sunayen gonaki da rijiyoyi, zamanin yunwa, sana'o'i, magunguna, tare da sunan wanda ya faɗa da inda yake zaune. Aka tara shafi wajen 740,000. Wannan bai mayar da takardun da suka ƙone ba, amma yau jikan da ke Amurka na iya buɗe salularsa ya ga rubutun hannun kakarsa tana yarinya, da sunan tsohon da ya ba ta labari. Ailan ta wancan lokaci ƙasa ce matalauciya. Da littafin rubutu da alƙalami suka yi aikin.

To mu dawo gida. Me ke tsinke mana zare?

Na farko, yadda muke suna. Sunanka da na ubanka, shi ke nan. Ɗanka zai ɗauki naka ya saki na kakansa. Bayan hawa uku zaren ya ɓace, sai in gidan sarauta ne ko na malamai. Na biyu, alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na surukinta, sai laƙabi ya danne sunan yanka har jikoki su tashi ba su taɓa jin sa ba. Na uku, takardar haihuwa. Da yawa cikin iyayenmu a kotu aka yanka musu ita bayan sun girma, aka rubuta “an haife shi wajajen shekara kaza”, sunan uwa kuwa yadda ya faɗo a kunnen magatakarda. Na huɗu, abubuwan da ke riƙe mana asali a da suna ja da baya. Zanen fuska, wanda da shi ake gane gidan mutum tun daga nesa, an daina yi wa yara. Maroƙa da makaɗan da ke jero kakannin gida ranar suna ko ɗaurin aure, ɗiyansu sun kama wata sana'a.

Ga kuma abin da ya fi gaggawa: rashin tsaro. Duk mun ga yadda mutanen ƙauyukan arewacinmu, wajen Abala da Banibangu, suka baro gidajensu. Tsohon da aka ɗauko daga garin da kakanninsa suka haƙa rijiya aka ajiye shi a rumfa a bayan gari, ya rabu da kushewa da tsamiya da iyakar gona waɗanda ke tuna masa labari. In ya rasu a nan, wa zai gaya wa jikokinsa inda gonarsu ta tsaya ranar da Allah ya kawo lafiya aka koma? Wannan ba maganar nishaɗi ba ce. Rigimar gona da ta gado da yawa daga nan suke tsira.

Kuma kar wani ya ce ƙasarmu ba ta da tarihin da ya isa a rubuta. Cikin Dallol Boso Kurfayawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani sun zauna tare, sun yi faɗa, sun yi sulhu, sun yi auratayya. A 1916 mayaƙan Firhun sun kawo yaƙi har Filinge. A 1925, zamanin sarki Gado Namalaya, a Shikal aka fara abin nan da ake kira Babule ko Hauka, ta hannun wata mata mai suna Shibo, har kumandan Crocicchia ya sa aka kama su aka tsare a Yamai. Abin ya bi ƴan ci-rani zuwa Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauke su a fim a Akara cikin shekarun 1950. Turawa sun yi rubuce-rubuce a kai, ana karantawa a jami'o'in duniya. Mu da abin ya faru a ƙofar gidanmu, mutum nawa ne ya san ko kakansa na cikin waɗanda aka kama, ko cikin dogaran da suka kamo su? Janar Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ɗan Fandu ne. Tarihin manya irinsa an rubuta. Na manomi da maƙeri da mai dakan gero da ya ciyar da su fa?

Yunwa ma ta yi mana irin abin da ta yi wa Ailan. Ta 1913 zuwa 1914, da ta fara ta 1931, da farin 1973 da na 1984, kowace ta ɗebi mutane ta watsa. A zangon Kumasi da na Akara akwai gidajen da abin da suka sani kawai shi ne kakansu daga Kurfey ya zo. In ɗayansu ya sauka tasha gobe da sunan kaka guda a bakinsa, wa za mu kai shi wurinsa?

Mun san akwai masu jin tsoron wannan magana, kuma tsoronsu na da dalili. A wurinmu tonon asali makami ne. Da shi ake fasa aure, da shi ake hana mutum limanci ko takara, da shi ake ce wa wani bawa ko baƙo a garin da aka binne kakanninsa. Tun 2003 dokar Nijar ta mayar da bauta laifi, amma harshe bai bi doka ba tukuna. Wasu za su ce a bar kaza cikin gashinta.

Ra'ayinmu shi ne shirun bai kare kowa ba. Gori na nan ana yi, da rubutu ko babu. Abin da shirun ya jawo shi ne gidaje kaɗan ke da tarihi, sauran jama'a kuwa sai abin da aka faɗa a kansu. Wanda aka kamo kakansa a yaƙi yana da haƙƙin sanin garin da aka kamo shi, da yadda ya yi ya kafa gida, kuma abin kunyar na wanda ya sayar da mutum ne. A Ostireliya an daɗe ana ɓoye kakan da Ingila ta kai can a matsayin fursuna, cikinsu har da ƴan Ailan da yawa. Yau jikokin da kansu ke neman takardun. Addininmu ya hore mu da sanin dangi don sada zumunci, ya kuma hana mu alfahari da nasaba. Duk wanda ya bi zaren gidansa da gaskiya, ta uwa da ta uba, zai tarar da Bazabarma ko Buzuwa ko Bafillata a ciki. Wasan dangin da muke yi, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014, shaida ne cewa kakanninmu sun san da haka. Sharaɗi ɗaya ne: kowa ya rubuta na gidansa, kar ya rubuta na maƙwabci, kuma abin da tsoho ya ce a rufe, a rufe.

Ga abin da muke ganin kowa zai iya, ba sai an jira wani furoje ba. Salular da ke hannunka tana ɗaukar murya. Ka sayi goro ko sukari ka je wajen wanda ya fi kowa tsufa a gidanku, kuma ka fara da mata, don su ke riƙe da lissafin aure da haihuwa da goyo. Kar ka tambayi shekara, ka tambayi zamani: kafin yunwar fara ko bayanta, zamanin wane sarki, lokacin aikin tilas ko bayan samun ƴanci a 1960. Ka nemi sunan yanka da laƙabi duka. In alkunya ta hana ta faɗa, ka tambayi ƙanwarta. Ka tambayi garin da aka taso, rijiyar da aka sha, inda aka binne wane, wanda ya tafi kurmi bai dawo ba. In bakin mutum biyu ya saɓa, ka rubuta duka biyun da sunan mai faɗa, kar ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi. Daga nan ka kwafe a littafi, da boko ko da ajami, ka sa rana. Salula na faɗawa ruwa, ana sace ta. A yi kwafi uku: ɗaya a gida, ɗaya wajen ɗan'uwa a Yamai, ɗaya wajen na waje. Darasin gobarar Dublin ke nan.

Masu son zurfafawa, a Yamai akwai gidan ajiyar takardun ƙasa, inda rahotannin kumandojin da suke. Akwai IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni mai ajiye tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, aikin da marigayi Boubou Hama ya ɗora wa harsashi. Akwai CELHTO, wadda tun 1968 aikinta shi ne tattara tarihin baka. Sai dai a karanta takardar Bature da hankali: ya rubuta abin da tafinta ya gaya masa, kuma don haraji ya ƙidaya mutane.

Kiranmu na ƙarshe ga mushen lakwal da malaman islamiyya da magadan gari na Filinge, Kurfey ta Tsakiya, Imanan da Tondikandiya. Ku ba yara aikin hutu guda: kowane ya kawo shafi biyu daga bakin kakansa. A tara a ma'aikatar magajin gari, gidajen rediyon karkara su riƙa karanta waɗanda masu su suka yarda. Kuɗin littafin bai kai na buhun gero ba.

Mu da muke wannan rubutu ma ba mu tsira ba. Akwai tambayoyin da muka yi ta cewa sai gobe, har masu amsar suka tafi. In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da ke iya zama ya yi hira, to yau bayan la'asar ka ɗauki tabarma ka je.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa.