Kakar gona da kakar mutum

Ya ku malamai da 'yan kasuwa, ga kaka ta kama. An yanke gero a Tsafe, dawa ta sunkuya a Bungudu, dattawa sun soma gyaran lambu a bakin gulbi. Mu da furfura ta cim mana mun san rumbu shi ne suturar tsoho. Wanda ya sayar da nasa da kaka, damina za ta same shi a ƙofar wani.

A shekarun nan manoma da yawa ba su girbi sai sun biya 'yan bindiga. In suka kai abin da ya tsira kasuwar Gusau, sai a karya musu farashi, a ɓoye hatsin ana jiran tsada. Zalunci biyu ke nan a kan wuya ɗaya, alhali Shari'a ta hana ɓoye abinci jama'a na bukata.

To, ku saya da adalci. Mai hatsi kuwa, in ya kai sa'i 300, ya fitar da ɗaya cikin 10. Albasa da tumatir babu zakka a mazhabar Malik, amma ƙofar sadaka a buɗe take.

Kowa kakarsa tana tafe, kuma za a auna masa da mudun da ya auna. Allah ya sa mu cika da imani.