Zumurrudu Ado Ne, Ba Laya Ba



Ko wace shekara in alhazanmu suka sauko, ba a rasa zobba masu koren ido cikin tsaraba. Yanzu kuwa har a shagunan Kumasi da Ankara ana tallarsu, ana cewa zumurrudu ne, wai dutsen waɗanda aka haifa a watan Mayu, wai yana jawo musu arziki. To, lalle ne mu yi magana, domin abu biyu ke cikin hatsari, watau kuɗin mutum da imaninsa.

Shi dai zumurrudu dutse ne mai daraja tun zamanin dā. Mutanen Masar sun haƙa shi a duwatsun da ke kusa da Bahar Maliya shekaru fiye da 2,000 da suka wuce. Malamanmu ma ba su raina shi ba, gama al-Tifashi, wanda ya rasu a 1253, ya yi bayaninsa cikin littafinsa na duwatsu. A ƙarni na 16 Turawan Sifen suka tarar da ramukansa a Kolombiya, yau kuwa ita da Zambiya da Barazil su ne manyan masu fitar da shi.

Amma fa jerin nan da ke yawo, mai ba ko wane wata dutsensa, masu sayar da kayan ado na Amurka ne suka zauna suka daidaita shi a 1912. Mu 'yan kasuwa ai mun gane dabarar: a ba kowa dalilin da zai sa ya saya. Dutsen da ba ya iya tsare kansa daga fashewa, yaya zai tsare mai shi daga tsiya? Arziki na Allah ne, kuma ba ya tambayar watan haihuwa.

Wanda ke so don ado, ba laifi, sai dai ya san abin da zai saya. A ma'aunin tauri, inda daimon irin na Akwatiya ke da 10, zumurrudu yana tsakanin 7.5 da 8. Duk da haka, kusan ko wane na ainihi yana da 'yan tsage-tsage a ciki kamar saiwar ciyawa, har masu gyaransa su kan shafa masa mai don tsagar ta ɓuya. Saboda haka in aka nuna maka wani tas, ba tabo, kuma da araha, to ko dai kwalba ce, ko kuwa irin wanda ake yi a masana'anta tun wajen shekarun 1930. Kama da wane ba ta wane.

Wanda ya dace da na gaske, ya kula da shi. Mata su tuɓe zobe kafin wanki da wanke-wanke da dakan fufu, gama ruwan zafi da sabulu mai kaifi suna cinye man nan, bugu kuwa yana fasa dutsen. A goge shi da ruwa mai ɗan ɗumi da tsumma mai laushi, a naɗe shi shi kaɗai kada wani dutse ya karce shi. Maza kuma su tuna zoben Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, na azurfa ne, zinariya kuwa an hana mu ita.

Saura ku 'yan'uwanmu masu sayarwa. Sayar da kwalba halal ne in an kira ta kwalba. Amma a karɓi kuɗin da tsohuwa ta tara shekara guda a kan koko da ƙosai, a miƙa mata fasasshen gilashi da sunan dutsen sa'a, wannan algus ne, ya kuma haɗa da ɓata mata tauhidi. Sunan Bahaushe a ƙasar nan da amana aka san shi tun zamanin fataucin goro. Kada mu sayar da shi a kan ɗan koren dutse.

Allah ya ba mu halal, ya sa mu dace. Haza wasalam.