SON MASO WANI: BAUTAR TAMBARIN KWAMFUTA A JAMI'A

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu mai farin jini, domin in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san wasu za su ce me ya haɗa kifi da kaska, watau me ya kawo zancen kwamfuta cikin mujallar Ƙungiyar Hausa. To, a yi haƙuri a bi ni sannu a hankali, za a ga inda gizo yake saƙa.

Ran nan da daddare, an ɗauke wuta, muna zaune mu shida a ɗakin kwananmu, sai musu ya kaure. Wani ya ce duk wanda ba ya riƙe da MacBook bai san kwamfuta ba, rediyo mai allo kawai yake ɗauka. Wani ya yi tsaki ya ce shi ɗan HP ne gaba da baya. Na uku ya ce ai in ana maganar ƙarƙo a kira Dell a yi shiru. Can daga saman gado mai Linux ya leƙo ya ce duk cikinmu shi kaɗai ne ɗa, sauran bayin kamfani ne. Tun ana raha har aka kai ga kiran wani baƙauye, kuma wallahi mutum biyu sun kwana uku ba sa ga maciji da juna. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa sai na ce, "To, kowa ya buɗe tasa ya buga mini ƙ mai lanƙwasa in gani." Ɗaki ya yi tsit kamar ruwa ya ci makaɗi. Uku daga cikin masu musun nan kuwa ɗaliban Hausa ne, biyu ma suna ajin ƙarshe!

Wannan cuta ita nake kira bautar tambari. Mutum ya ɗauki sunan kamfanin da ke wata uwa duniya ya mayar da shi kamar sunan kakansa, yana kare shi yana faɗa dominsa, alhali kamfanin bai san da zamansa ba. Hausawa sun ce son maso wani ƙoshin wahala, kuma tarihi ya gaskata su. Kamfanin IBM ne ya fito da kwamfutar da aka sani da PC a 1981, wadda yawancin na hannunmu jikokinta ne, amma a 2005 ya sayar da sashen gaba ɗaya ga Lenovo na ƙasar Sin, bai yi shawara da masoyansa ba. Compaq, wanda yayyenmu suka yi yayi, HP ya haɗiye shi a 2002. Nokia, da iyayenmu suka amince da ita fiye da agogo, ta sayar da sashen wayoyinta ga Microsoft a 2014. Ina BlackBerry, wadda a da in ba ka da lambar BBM ba a lissafa ka cikin 'yan birni? A Janairun 2022 aka yanke wa tsofaffin wayoyinta hidima, suka koma abin wasan yara. Ko ɗaya daga cikin kamfanonin nan ya zo yi wa masoyansa jaje? Su dai kasuwa suke ci, inda riba ta karkata nan suke karkata, ban kuma ga laifinsu ba. Laifin yana wurin wanda ya ɗauki ciniki ya mayar da shi zumunci.

Abin dariya ma shi ne, in ka kwance bayan kwamfutocin nan da ake faɗa a kansu, za ka tarar danjuma ne da danjummai. Ƙwaƙwalwar yawancin HP da Dell da Lenovo daga Intel ko AMD take. Harhaɗa su kuwa, galibi kamfanonin Taiwan ne irin su Quanta da Compal da Foxconn suke yi wa manyan sunaye bisa kwangila, a manna wa kowace tambarin wanda ya ba da aiki. Ashe ke nan 'yan ɗakinmu a kan ɗan ƙarfen da ke manne a murfi suka yi gaba.

Mu koma ga uwar manhaja, watau tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, domin nan ne bautar ta fi ƙamari, nan ne kuma haɗari yake. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, sai dai ƙarin wa'adi zuwa Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista ta musamman. Magajinta, Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa: sai kwamfuta tana da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwar Intel ce, galibi sai ta kasance daga zubi na takwas zuwa sama, watau ƙirar 2017 zuwa yau. Yanzu don Allah a duba jakunkunan ɗalibai. Mu da muke sayen gwanjon Turai a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a Kano, ko a aiko mana daga Computer Village ta Ikeja, mu nawa ne namu suka cika wannan sharaɗi? Kwamfuta lafiyarta ƙalau, tana buga rubutu, tana shiga intanet, amma an rufe mata ƙofa. Wanda yake ganin rashin gyaran tsaro wasa ne, ya tuna da watan Mayun 2017, sa'ad da ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har da na asibitocin Ingila, ta hanyar wata kafa da an riga an fitar da maganinta amma mutane ba su sa ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. An yi haka da Windows XP a 2014, an yi da Windows 7 a 2020, amma har gobe da sauran masu rantsuwa da sunan kamfani.

Kada masu Apple su yi murna, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kamfaninsu ya bar ƙwaƙwalwar PowerPC ya koma Intel a 2006, sa'an nan ya bar Intel ya koma tasa ta M1 a 2020, kuma duk sauyin da aka yi akwai waɗanda aka bari a tasha. A Disambar 2017 ya amsa da bakinsa cewa yana rage saurin iPhone masu tsohon batir, har hukumar Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 a 2020 saboda bai sanar da masu saye ba. Ga kuma tsada. A 2024 mafi arha cikin sababbin MacBook Air dala 999 ce, a shekarar da dala ta haura naira 1,500, mafi ƙanƙantar albashi kuma aka mayar da shi naira 70,000. A yi lissafi: albashin ƙaramin ma'aikaci na wata 21 ke nan, bai ci ba bai sha ba. Ɗalibin da zai ɗora wa mahaifinsa wannan kaya don kawai a gan shi da tuffa a ɗakin karatu, lalle yana bukatar addu'a.

Ni kaina ba zan wanke kaina ba, na taɓa faɗawa wannan rami. Da zan shiga aji biyu, Baba ya sayar da buhunan gero ya ba ni kuɗin kwamfuta. Mai shago ya nuna mini wata mai kauri, ya ce batirinta sabo ne, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai. Na ƙi, na nace sai wata siririya mai tambarin da ake yayi a ajinmu, ba zan faɗi sunanta ba. Ba ta yi zango biyu ba allonta ya mutu, na yi yawon masu gyara har na gaji, kowa ya ce sai an yi odar kayanta daga waje, kuɗin kuma ya kusa na wata kwamfutar. Ranar da na koma gida na faɗa wa Baba, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Kai ka sayi suna, ni na biya da gero." Har yau maganar nan tana sukata.

Za a ce to duk ɗaya ne ke nan, babu wadda ta fi wata? Ban ce haka ba. Gaskiya ne MacBook na zamani suna riƙe caji sosai, kuma a ƙasar da wuta take zuwa kamar baƙuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gaskiya ne Windows ce kowane mai gyara da kowane shagon buga takardu ya sani, kuma akwai manhajojin da ɗaliban injiniya da na lissafin kuɗi suke bukata waɗanda a kanta suka fi zama. Linux kuwa, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi kamarmu a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, kyauta ce, kuma tana iya tayar da tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi. Akwai nau'inta mai sauƙi irin su Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, da Linux Mint. Wayar Android da ke aljihunka ma a kan ginshiƙin Linux aka gina ta. Amma tana son haƙurin koyo, kuma wasu masoyanta sun fi kowa ɗaga hanci, sun mayar da ita ɗariƙa. Kowace da amfaninta da aibinta. Manomi ba ya zagin lauje don yana son fartanya, kowanne yana da ranarsa a gona.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye, mu 'yan Sashen Hausa. Tun shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa a rubutun boko, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939 ta yi aiki da su a zamanin da ake jera haruffan dalma da hannu. Yau kuma, da kwamfutar dubban ɗaruruwan naira a gabanmu, sai mu rubuta kasa muna nufin ƙasa, karya muna nufin ƙarya, bata muna nufin ɓata. Ɗalibi ya so ya ce "na ƙare" ya ɓuge da "na kare". Ƙashi kuwa in aka cire masa lanƙwasa, ba sai na faɗi abin da ya koma ba. Wannan ba laifin na'ura ba ne. Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, yana ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa inda mu muke sa 'y. Windows tana da allon rubutun Hausa a cikinta, kunnawa kawai yake jira. Linux tana da shi. Akwai manhajar Keyman, kyauta, tana aiki a kan Windows da Mac da Linux duka, ba ruwanta da tambari.

Sau nawa muka ga ɗalibi ya kai kundin digirinsa shagon buga takardu, a fito da shi duk inda ƙ take sai ɗan akwati ko alamar tambaya? Dalili shi ne ya yi aiki da tsohon salon haruffa irin wanda yake ɓoye ƙ a gurbin wata alama, ko kuma na'urar shagon ba ta da salon da ya yi rubutu da shi. Maganin bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba: a yi rubutu da Unicode, a zaɓi salo irin Charis SIL ko Noto waɗanda kyauta ne, sa'an nan a mayar da takardar PDF kafin a kai bugu. Wanda ya san wannan da kwamfutar gwanjo ya fi wanda bai sani ba ko da tasa ta zinariya ce.

Saboda haka ina da kira guda uku. Na farko ga 'yan'uwana ɗalibai maza da mata: kafin ku sayi kwamfuta ku rufe tambarin da tafin hannu, ku tambayi awa nawa batir yake yi, ko ana samun kayan gyaranta a garinku, ko za a iya ƙara mata ram da rumbun SSD, ko uwar manhajarta tana samun gyaran tsaro. Ku kuma ajiye kwafin aikinku a wuri biyu, domin ranar da rumbu ya mutu ba ya duba sunan da ke murfi. Na biyu ga shugabannin Ƙungiyar Hausa: yadda muke ware rana don wasan kwaikwayo da kalankuwa, a ware Asabar ɗaya kowane zango, kowa ya zo da kwamfutarsa a kunna masa allon Hausa, wanda tasa ta tsufa kuma yake so, a gwada masa Linux. Na uku ga malamanmu masu girma, Allah ya ƙara muku daraja: ina roƙo da ladabi ku daina karɓar jinga ko kundin da aka buga babu lanƙwasa, amma kafin nan a koya mana yadda ake yi tun daga aji ɗaya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na san bayan fitowar wannan mujalla wasu 'yan ɗakinmu za su sake ɗaure mini fuska. Ba komai. Duk wanda yake da ja, fili a buɗe yake, ya rubuto martani a fitowa ta gaba, da kowace irin kwamfuta ya ga dama. Sharaɗina ɗaya ne: ya tabbata ƙ ɗinsa ta fito da lanƙwasarta.

Allah ya sa mu gane, amin. Wassalam.